Sunan Baba a Bangon Littafin Rumawa

Katagum,
Lahadi, 4 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Najmuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rahama da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya ishe mu. Baba ƙafar nan tana taɓa shi, amma ba ta hana shi zuwa bakin kogi ba, ka dai san halinsa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Kawu direba, alhali ga waya. To, duk inda na tsaya a gidan nan Baba yana jin abin da nake faɗa, kuma maganar tasa ce. Ban da haka ma, kai in an kira ka ba ka bari mutum ya kai aya, nan da nan sai ka mayar da shi ɗalibinka. A takarda dole ka saurare ni har in gama.

Na ga hoton bangon littafinka da ka turo wa dangi. Masha Allah, ya yi kyau. "Sunayen Girkawa a Gidajen Rumawa." Na karanta, na sake karantawa, ban san ko su wane ne ba, amma ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni yana can ƙasa, inda aka rubuta Najmuddeen Maigida Azare. Yaya, ina Baba?

Kada ka fara yi mini bayani, na sani. Na san Baba da kansa ya ɗauke ka kana ɗan shekara bakwai ya kai wa amininsa Alhaji Maigida, saboda boko, kuma saboda Allah bai ba Alhaji ɗa namiji ba. Na san da sunan Alhaji aka sa ka firamare, da shi ka gama jami'a. Ban taɓa cewa komai ba, don takardar makaranta a akwati take kwana. Littafi kuwa fita yake yi, ya shiga hannun mutane, kuma zai daɗe bayan mu duka.

Tun da Baba ya ji labarin littafin nan bai zauna ba. Ya fito da babbar rigarsa ta Sallah ya ba mai wanki. Kullum in na dawo daga makarantar da nake koyarwa sai ya ce, "An gama aikin yaron nan?" Shekaranjiya yana gyaran koma a tsakar gida, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce da ni, "Shi littafi, a gaba ake rubuta sunan mutum da na ubansa, ko?" Na ce e. Ya ce, "To." Wayar tana hannuna, hoton yana ciki, na kasa nuna masa.

Don Allah tun ba a buga ba ka sa sunan Baba, Zarami, a wurin. Kalma ɗaya ce, ba za ta cinye maka bango ba.

Ka gaida Alhaji da Hajiya Larai. Na sa Kawu ya kawo muku banda, tarwaɗa ce.

Ƙanwarka,
Rukayya.

*

Azare,
Laraba, 7 ga Mayu.

Zuwa ga ƙanwata Rukayya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da Baba. Takardarki ta iso tana warin kifi, domin a cikin kwandon banda Kawu ya cusa ta. Mun gode, Rahama ta yi miya da ita.

Kin ce ba ki san ko su wane ne ba. Ba ke kaɗai ba ce. Shekara da shekaru ina wannan aiki, abokan aikina a kwaleji suna kirana Sarkin Rum, ɗaya ma ya tambaye ni ko sunaye sun ƙare ne a ƙasar Katagum da sai na tafi tonon kaburburan Turawa. Na haɗiye duk wannan. Yanzu da aikin ya zo ƙarshe, ban samu ko mutum ɗaya a dangi da ya tambaye ni abin da ke cikinsa ba, sai bango. Tun da kin ce in saurare ki, ke ma ki saurare ni.

Barume ɗan asali suna uku gare shi: nasa na kansa, na zuriyarsu, da na reshen gidansu. Da Rumawa suka ci ƙasashen Girkawa da yaƙi, sun kwaso mutane da yawa bayi, har da likitoci da malamai. Abin ya zama yayi, ta yadda ko bawa ba Bagirke ba ne sai a laƙaba masa sunan Girkawa. Shi bawa suna ɗaya ne da shi tak, a ce Harmis. Ran da aka 'yanta shi, sai ya ɗauki sunaye biyu na farko na ubangidansa, ya ajiye nasa a ƙarshe. Harmis na gidan Markus Baleriyus sai ya koma Markus Baleriyus Harmis. Shi ya sa in kika duba rubutun da ke kan duwatsun kaburburan birnin Rum za ki ga sunayen Girkawa birjik. Amma irin wannan mutum in ya haihu, sau da yawa sai ya raɗa wa ɗansa sunan Latin tsantsa, na Girkan ya ɓace daga gidan. Babi na huɗu kacokan a kan haka yake, kuma na nuna cewa gudun gori ne, kada a ji sunan yaro a gane inda aka fito.

Abin da nake so ki fahimta shi ne, suna ba jini kaɗai yake nunawa ba. Yana nuna gidan da ya tsaya wa mutum. Ban taɓa musun cewa Baba ne ya haife ni ba, kowa a Azare ya sani, kuma ran ɗaurin aurena a gaban jama'a aka faɗa.

Sannan akwai maganar aiki. Da wannan littafi nake neman ƙarin girma. Masu dubawa suna kwatanta sunan da ke bango da wanda ke takarduna, in suka ga bambanci sai in shekara ina yawon rantsuwa a kotu. Ke ma'aikaciya ce, kin san wannan.

Ga kuma Alhaji. Tsufa ya kama shi sosai. Tun yanzu ya gayyaci duk 'yan layin hatsi zuwa ƙaddamarwa bayan Sallah, hoton bangon ma ya sa an wanke masa ya manna a rumfarsa.

Kuma bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba, tun da kin taɓo wurin. Ni tun da nake ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. "Yaron nan." "Yaron Alhaji." In na zo Katagum, gaisuwa ce kawai, ya tambayi lafiyar Alhaji, ya ɗauki komarsa ya fita. Ran da na karɓi digiri bai zo ba, kifi ya aiko. Mutumin da bai taɓa sa sunana a bakinsa ba, yanzu kina gaya mini yana jiran ganin nasa kusa da nawa? Ina jin ke ce kike so, kika jingina masa.

Bangon ya riga ya tafi maɗaba'a a Kano. A bar maganar nan haka.

Ki gaida Baba, ki ce ina yi masa sannu da ƙafa.

Yayanki,
Najmuddeen.

*

Katagum,
Asabar, 10 ga Mayu.

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Na nemi kalma ɗaya, ka aiko mini da lacca. Na karanta ta tsaf, kuma wallahi na ji tausayin Harmis ɗin nan naka. Amma kai da bakinka ka ce ko da aka ba shi sunayen ubangidansa bai yar da nasa ba, ya nema masa wuri a ƙarshe. Bawa ke nan. Kai da ba wanda ya kamo ka a yaƙi, ka samu wurin sa Azare, garin da ko cibiyarka ba a can aka binne ba, amma ka rasa wurin sa mahaifinka.

Maganar Baba bai taɓa kiran sunanka ba kuwa, har dariyar takaici na yi. Yaya, kai ne ɗan fari! Wane dattijo ka taɓa gani a garin nan yana kiran sunan ɗan farinsa, ko yana zama hira da shi? Inna ma, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah "wancan" take ce maka. Ka san al'adar mutanen da suka mutu shekaru dubbai a wata duniya, ka san dalilin da ya sa suka raɗa wa 'ya'yansu kaza, amma kunyar ɗan fari da ke cikin gidanku ita ce ka ɗauka ƙiyayya. Ran digirin naka da kake faɗa, nan ya wuni a zaure da rediyo a kunne, wai ko za a ambaci masu karɓa. Ni na kai masa abinci, na dawo da shi bai taɓa ba.

Ga abin da ya faru jiya, tun da kana ganin ƙirƙira nake yi. Hoton nan ya zaga wayoyin mutane. A bakin kogi, Bappayo mai kwalekwale ya sa ɗansa ya karanta bangon da ƙarfi a gaban masunta. Da aka zo kan sunan sai Bappayo ya ce, "Af, Zarami, ashe ba da kai aka yi ba? Mu da muke shirin rakiya Azare!" Aka yi ta dariya. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce Baba murmushi kawai ya yi ya ce, "Ai haka ne, ɗan Alhaji ne." Ya naɗe komarsa ya dawo gida tun rana ba ta yi ba. Da yamma mai wanki ya kawo babbar rigar, Baba ya ce in mayar da ita akwati.

Ka san Baba baƙo ne a nan. Daga Barno ya taso shi kaɗai, ba wa ba ƙane. Ni mace ce, 'ya'yana sunan ubansu suke amsawa. In ba a jikinka ba, ina Zarami zai sake fitowa?

Yawon kotu kake tsoro? Ka yi mana. Mutane suna yi don gyaran shekarar haihuwa ma.

Ba zan sake rubuto maka a kan wannan ba. Ka yi abin da ka ga dama.

Rukayya.

*

Azare,
Juma'a, 16 ga Mayu.

Rukayya,

Wa alaikumus salam. Da fatan kun yi Juma'a lafiya.

Takardarki ta hana ni sukuni, Rahama ma da ta karanta sai ta goyi bayanki. Ban ji daɗin yadda kika yi mini magana ba, ni ba sa'anki ba ne. Amma labarin rediyon nan ban taɓa sani ba.

Na je Kano ran Talata. Na tarar ba a buga bangon ba, mai maɗaba'ar ya yi ta ƙorafi amma ya sauya. Yanzu abin da ke jiki shi ne Najmuddeen Maigida Zarami. Na bi tsarin mutanen nawa da kike yi wa ba'a: sunan gidan da ya riƙe ni a gaba, na asali a ƙarshe. Azare kawai na cire, don haka Alhaji bai rasa komai ba, ban ma ga dalilin tayar masa da hankali da maganar ba. An buga bangon duka, saura a ɗinke da littafin. An buga katin gayyata da sabon sunan, an fara rabawa. Maganar kotu kuma na shiga, Allah kaɗai ya san ranar fita.

Ga kati ɗaya nan na ba Kawu. Ki karanta wa Baba, ki ce a fito da rigar.

Ina fatan yanzu za a bar ni in huta.

Yayanki,
Najmuddeen.

*

Misau,
Juma'a, 23 ga Mayu.

Zuwa ga Malam Najmuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya tare da iyalinka. Ni ce yayarka Mas'uda, 'yar Alhaji Maigida, in har ba a sauya wannan ma ba.

Na zo Azare ran Laraba duba su Baba, na kwana biyu na dawo. Ban biya ta gidanka ba don kada in faɗi abin da zan yi da na sani. Na ga gara in rubuto.

Ka san a hannun wa Baba ya fara ganin katin nan? A hannun wani dillalin gero, a tsakiyar kasuwa. Mutumin ya karanta masa, sai ya ce, "Alhaji, ashe Zarami mai kifi ne mahaifinka ba mu sani ba?" Ka manta ne, ko karatun ne ya yi yawa? A nan in an jera suna uku, na mutum ne, da na ubansa, da na kakansa. Ban san yadda Rumawanka suke yi ba, amma a layin hatsi haka kowa ya karanta. Wuni aka yi ana tsokanarsa, wasu har suna ce masa ɗan Zarami. Dattijo mai shekara kusan tamanin.

Amma ba tsokanar ce ta kwantar da shi ba. Ya cire hoton da ya manna a rumfa, ya rufe tun kafin la'asar, ya dawo gida. Abin da ya ce da Hajiya shi ne, "Da ya faɗa mini, ai da ni zan raka shi Kano. Zarami ya fi ni haƙƙi. Amma yaron da nake goyawa a keke ya ji tsoron gaya mini magana, sai a kasuwa zan ji?"

Kai ka san mu mata biyar ne a gidan nan, amma duk unguwa Baban Najmu ake ce masa, kuma ba mu taɓa jin haushi ba. Lokacin da ƙyanda ta kama ka, mako guda bai fita kasuwa ba. Ba gori nake maka ba, tuni ne.

Ba wanda ya ce kada ka sa sunan mahaifinka, addini ma haka ya ce. Sallama ake yi kafin a shiga gida, ita ce ba ka yi ba.

Ya ce in sanar da kai ba zai zo ƙaddamarwar ba. Wai ba fushi yake ba, ba ya son ya tare wa mai ɗa wuri ne.

Ka gaida Rahama da yara, su ba ruwansu.

Wassalam,
Mas'uda.

*

Azare,
Talata, 27 ga Mayu.

Rukayya,

Salamu alaikum. Ina fatan Baba ya iso gida lafiya. Na san ba zai gaya miki abin da ya faru ba, don haka ni zan gaya miki, kuma ki karanta da kyau domin da hannunki a ciki.

Bayan takardar Yaya Mas'uda, wadda na haɗo miki da ita ki gani, na je gidan Alhaji ran Asabar. Gidan da na tashi a ciki, wanda nake shiga har ɗakin Hajiya ba sallama. Alhaji ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. "Malam Najmuddeen, ya aiki? Ya iyali?" Na ba da haƙuri, ya ce ai ba a yi komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Jiya da hantsi ina aji aka ce ana nemana a gidan Alhaji. Na tarar da motar Kawu a ƙofa. Ashe Kawu ne ya kwashe labarin kasuwa kaf ya kai wa Baba. Ina shiga zaure na ga Baba durƙushe a gaban Alhaji, da ƙafar nan tasa mai ciwo, ga kwandon kifi a gefe. Ko kallona bai yi ba.

"Alhaji, ka yi mini aikin gafara," in ji shi. "Wallahi ba ni na aika ba. Abin da na ba ka, na ba ka har abada. Ni ban taɓa kyauta in dawo ina leƙenta ba."

Alhaji ya kama hannunsa yana cewa, "Tashi, Zarami, don Allah tashi. Ɗanka ne. Ni riƙo na yi. A bar sunan yadda yake, ni na yafe."

"Ba za a bari ba."

"Za a bari. Nawa ma a cire, a sa naka shi kaɗai."

"In aka cire naka, Alhaji, me zan ce wa Allah? Ni kifi na sani. Wa ya san zafin karatunsa in ba kai ba?"

Haka suka yi ta yi, kowa yana tura wa ɗan'uwansa ni, ina tsaye kamar buhun da aka rasa mai shi. Na buɗe baki na ce, "Baba, ai ni na ga ya dace," sai ya ɗaga mini hannu, har yanzu fuskarsa tana wajen Alhaji. Ya ce, "A gaya wa yaron nan, in littafin nan ya fita da sunana, ƙafata ba za ta sake taka Azare ba, kuma ko gawata ban yarda ya ɗauka ba." Alhaji ya yi ta salati. Ni kuwa ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon haka a kaina ba, kuma da ya tashi yi, wannan ce.

Bai tsaya nan ba. Ya tambayi inda bangon yake. Na ce duk kwafin suna gidana, an kawo mini daga Kano in duba kafin a ɗinke. Ya sa Kawu ya juya mota, aka kwashe su duka, shi da kansa ya ɗaure da igiya. Rahama ta kawo abinci, ya ce a ƙoshe yake. Ya yi wa yara addu'a ya shiga mota.

To ga inda muke. Za a koma tsohon bango. Rantsuwar da na fara a kotu sai in koma in warware. Alhaji ya ce zai zo ƙaddamarwa, amma har yanzu Malam Najmuddeen yake ce mini. Baba ya ce shi ba zai zo ba, ƙafa. Da ina da uba biyu, yanzu kowanne yana gaishe ni daga nesa.

Ɗazu na buɗe babi na huɗu in duba kurakuran bugu, na kasa wuce shafin farko. Na rubuta da gadara cewa mutanen nan gudun gori ne ya sa suka hana 'ya'yansu sunayensu, kamar ina wurin aka yi. Dutsen kabari suna kawai yake nunawa, ba ya faɗin abin da uban ya ji ran da ya zaɓa. Ga shi an riga an buga, ba halin gyara.

Ke kika ce yana so. Kika kawo mini labarin riga da rediyo da Bappayo, na yarda da ke na rusa komai. Jiya kuma na ji da kunnena yana rantsuwa ba ya so. Ke kike zaune da shi. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya, in san abin da zan riƙe: yana so ko ba ya so?

Yayanki,
Najmuddeen.

*

Katagum,
Alhamis, 29 ga Mayu.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Baba ya iso lafiya, sai dai ƙafar ta kumbura. Na karanta takardarka da ta Yaya Mas'uda. Abin da ya samu Alhaji ban so ba, ka ba shi haƙuri a madadina kafin in zo da kaina.

Ka yi tambaya. Ni dai ga abin da na gani.

Jiya bayan la'asar ya hura murhun banda a bayan gida, ya kwance igiyar, ya zauna yana jefa bangon a wuta ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya kawo in taya shi, ya ce a'a. Na koma bakin ƙofa na tsaya. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya dakata, ya kira ni. Ya ce, "Nuna mini wurin."

Na kama yatsansa na ɗora a kan Zarami. Ya ce in karanta masa tun daga farkon layin. Na karanta. Ya ce in sake, na sake. Ya daɗe yatsan yana wurin, har na ji ƙafata ta gaji da tsugunno.

Sannan ya jefa shi a wutar, ya ce in kawo masa buta, magariba ta kusa.

Kada ka sake yi mini wannan tambayar, Yaya.

Ka gaida Anti Rahama da yara. Allah ya sa a yi taro lafiya.

Ƙanwarka,
Rukayya.